Baba Mai Tarakta Ya Miƙa Makulli

Kullum da hantsi Baba Mai Tarakta yakan shiga rumfar bayan gida, ya yaye tamfol, ya duba mai da ruwa, ya goge sitiyari da bakin rigarsa. Taraktar gadon mahaifinsa ce, ta girmi duk 'ya'yansa. Matarsa kan ce ita kanta ba ta samun irin wannan gaisuwar.

Shekara arba'in yana huɗa da ita. Ruwan farko na sauka, gonakin matan da mazansu suka rasu yake fara shiga, masu hali su jira. Kai ne, Baba, ka san inda kowane dutse yake kwance a gonar kowa, garmarka ba ta taɓa karyewa a kansa ba.

Bara idonsa ya fara rauni, kunyoyi suka riƙa fitowa a karkace. Ba wanda ya iya faɗa masa. Sai a yi masa godiya, in ya tafi a ɗauki fartanya a gyara. Bana kuwa ya bi ta kan shukar maƙwabcinsa, ya kwashe rabin gona bai sani ba.

Babbar 'yarsa aka tura. Ta durƙusa a bakin rumfar.

"Baba, ƙungiyar manoma na son ka sayar musu da taraktar. Suna da direba."

"Me ya same ta? Lafiyarta lau."

"Ba ita ba ce, Baba. Idonka ne."

Ta faɗa masa komai, har zancen fartanya. Ya daɗe yana shafa taya.

"Tun bara? Kuka bar ni ina karɓar godiya?"

Bai tambayi farashi ba. Ya miƙa makulli, ya roƙi abu ɗaya: a bar shi ya zaga gonaki da sabon direban, ya nuna masa duwatsun. Kwana uku suna yi, da sanda yake laluben su, bai kuskure ko ɗaya ba.

Masu tasowa, ku koyi fara aiki da gonar wanda ba shi da kowa, ko da yake ban ga mai niyya ba, kuma abin na ci mini rai. Mu muka cuce shi da shirunmu. Yanzu duk wanda ya ce masa an gode, sai ya ɗaga kai ya tambaya, "Ta gaske, ko irin ta bara?"

Ta gaske ce, Baba. Mun gode.