Kwata Mai Iyaye Uku

Da hadari ya haɗo daga gabas sai in kasa zama wuri ɗaya. Kwatar ƙofar gidanmu a Runjin Sambo ta cushe da leda, ɗakin littattafaina kuma shi ne mafi kwari a gidan. Daminar da ta gabata ruwa ya ci mini ƙamus biyu.

Na tafi ƙaramar hukuma. Wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Malam, shara tamu ta, amma kwata ta jiha ta." A ofishin jiha aka ce titin da kwatar ke bi na tarayya ne. Na daɗe ina koyar da matakan gwamnati uku a aji, ban san a ƙofar gidana suka yi mahaɗa ba.

Ranar Asabar muka yi gayya da maƙwabta, muka yashe kwatar, muka jibge lakar a bakin titi ta sha iska kafin motar shara ta zo, yadda aka saba. Motar ta zo ran Talata. Direban ya leƙo ya ce, "Baba, wagga tana bisa kwalta, ba tamu ba ta." Ya wuce.

Ran Alhamis ruwa ya sauko, ya mayar da lakar inda muka ɗebo ta. Na naɗe ƙafar wando, ina miƙa wa maiɗakina littattafai tana jerawa saman durowa. Har yau suna can. Sai na taka kujera nake karatu.