Ranar da Tsoro Ya Bar Om Dok-chil

Shekara ashirin da biyu Om Dok-chil ya yi yana shiga ramin kwal a duwatsun Taebaek, kuma babu safiyar da ya shiga cikinsa bai ɗuri ruwa ba. Bai taɓa ɓoyewa ba. In tarago ya fara gangarawa da su cikin duhu, sai ka ga ya ƙanƙame ƙarfen gefe da hannu biyu, gumi na bin wuyansa ko da ƙanƙara ce ke zuba a waje. Abokan aiki suka sa masa suna Zomo, saboda faɗin kunnuwansa da yawan firgita. Yana amsawa.

Duk da haka kowa so yake a sa shi a ayarin Zomo. Aikinsa shi ne shiga gaba. In an fasa dutse da nakiya, hayaƙi ya lafa, shi zai fara shiga da sandar ƙarfe ya ƙwanƙwasa rufin ramin. Dutse mai lafiya amonsa ras yake fita. Wanda ya rabu ta ciki kuwa, sai ka ji kamar an bugi ganga. Daga nan ya kakkafa gungumen da ke tokare rufin, ya kasa kunne. Itacen ba ya karyewa farat ɗaya. In nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya fara ƙara, ƙas, ƙas, can ƙasa-ƙasa, kuma Dok-chil kan ji tun kafin kowa. Sau huɗu ya kori mutanensa waje da ihu. Sau uku rufin ya rufta a bayansu. Na huɗun ba abin da ya faru, aka yi wata guda ana masa shaƙiyanci.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Ma Gil-su, wani ƙato mai loda tarago. Ranar hutu, in sun zauna gasa naman alade da giyar shinkafa don wanke ƙurar maƙogwaro, sai ya ce, "Yaya Zomo, jiya me itacen ya raɗa maka?"

"Ya ce in gaya maka ka rage ci. Rami ya fara yi maka kaɗan."

Da bazarar shekara ta ashirin da uku wani abu ya same shi wanda bai taɓa sani ba. Hankalinsa ya kwanta. Tarago na gangarawa, hannunsa a kan gwiwa. Ramin da ya saba ji yana nishi, yana ɗigar ruwa, yana motsi kamar mai rai, ya yi tsit. Ya riƙa cinye shinkafarsa tas da rana, har ya yi ƙiba. A ransa ya ce ashe da gaske ne girma na zuwa da taurin zuciya. Ya ji daɗin abin ƙwarai.

Matarsa, Bang Sun-rye, ita ta gano. A unguwar ma'aikata mace ba ta yi wa miji mugun zance da safe in zai shiga rami. Ko mafarki mara kyau ta yi, haɗiyewa take. Sun-rye ta haɗiye na mako biyu. Wata safiya yana zaune a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, ta zagayo ta tsuguna a gabansa.

"Baban Yong-ja, sau uku na kira ka."

"Tunani nake yi."

"Na ya da murfin tukunya a bayanka. Karen maƙwabta ma sai da ya yi haushi. Kai ko gezau."

"Ai ga shi ina jin ki."

"Bakina kake kallo."

Ya dubi igiyar takalmin da ke hannunsa. Injin huda dutse ya cinye kunnen mutane da yawa kafin shi, ya san su. Ya kuma san abin da ke biyo baya. Gidan nan na kamfani ne, na masu shiga rami, ga 'yarsu Yong-ja da sauran shekara biyu ta gama makaranta.

Ya ce, "Ki yi shiru da bakinki. Hannuna ya san dutse."

Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. In ya bugi rufi, sandar kan gaya wa tafin hannunsa wani abu. Amma ƙarar gungume ba ta bi ta hannu.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana shiga a haka. Abin da ya fi ɗaure masa kai, tsoron bai dawo ba. Kansa ya san akwai haɗari, ya riƙa nanata wa kansa, amma cikinsa ya ƙi motsi. Duk rayuwarsa ya ɗauka tsoro halinsa ne, abin da aka haife shi da shi. Ashe ta kunne yake shigarsa, kuma ƙofar ta rufe.

Rana ta goma sha ɗaya, da tsakar rana, su huɗu suka zauna a kan tulin kwal suka buɗe gwangwanayen abinci. Fitilun goshinsu na haska fuskokin juna. Dok-chil na tauna, sai ya ga Gil-su ya tsaya, loma a tsinken cin abinci, bai kai baki ba. Idonsa ya tafi kan gungume na uku. Sauran biyun ma suka ɗaga kai. Sannan dukansu suka juyo suka dube shi. Suka ga yana taunar abincinsa hankali kwance. Kafaɗun Gil-su suka sauka, ya kai lomar baki. Sauran ma suka ci gaba da ci.

A nan ne tsoron ya sauko masa gaba ɗaya. Yawu ya ƙafe a bakinsa, ya ji sanyi ya bi bayansa har ƙeya. Mutanen nan sun ji wani abu. Jikinsu ya gaya musu su tashi. Suka dubi fuskarsa, suka danne.

"Gil-su, me ka ji?"

Gil-su ya amsa kansa a sunkuye, Dok-chil bai kama ko kalma ɗaya ba. Ya miƙa hannu ya damƙi haɓarsa, ya ɗago ta, ya haska bakinsa da fitila.

"Dube ni ka faɗa. Me ka ji?"

"Haba Yaya, sake ni mana. Itacen ne ya yi ƙas sau biyu. In da wani abu ne ai da tuni ka kai bakin rami, mu muna neman takalmanmu."

"Tun yaushe yake yi?"

"Tun jiya. Kai ba ka..."

"Ban ji ba. Ba na ji. Kunnena ya mutu. Ku fita!"

Ba su tsaya rufe gwangwani ba. Hanyar ƙunci ce, sai a sunkuye, mutum ɗaya bayan ɗaya. Dok-chil ne na ƙarshe. Yana gudu yana shafa bango da hannu, don ba shi da wata hanyar sanin ko dutsen na biyo su. Kwalkwalinsa ya bugi gungume, fitilar ta mutu. Ya ci gaba a duhu, ba gani, ba ji, sai bugun ƙirjinsa, yana jiran nauyin ya sauka a gadon bayansa. Taku wajen ɗari uku ne zuwa babbar hanya. Da ya iso sai ya durƙusa ya amayar da abin da ya ci.

Rufin bai rufta ba, ranar ko bayanta. Aka ƙara gungume shida, aka ci gaba da haƙa.

Heluma Pyo, shugaban ma'aikata, ya tare su a bakin rami, jijiyar wuyansa a tashe. Da ƙarfi yake magana, don haka Dok-chil ya ji shi sarai.

"Zomo! Ka sake yi mana, ko? Rabin yini ya tafi a banza!"

Dok-chil ya ajiye sandar ƙarfen a gabansa. "Ka ba wani. Ni na kurumce."

Gil-su ya matso, ya tsaya daf da shi yadda zai ga bakinsa. Babu wasa a fuskarsa.

"Yaushe ka sani?"

"Kwana goma sha ɗaya ke nan."

"Kwana goma sha ɗaya kana shiga da mu. 'Ya'yana uku, Yaya. Ka san sunayensu."

Dok-chil bai ba shi haƙuri ba, don bai ga abin da haƙuri zai gyara ba. Gil-su ya tofar da baƙin yawu a gefe ya wuce. Shekara guda bai ƙara zama kusa da shi ba, kuma bai sake ce masa Zomo ba har abada.

Dok-chil da iyalinsa suka bar gidan kamfani suka kama ɗaki ɗaya a bakin rafi. Sun-rye ta shiga wankin kayan ma'aikata. Yong-ja ta gama makarantarta da ƙyar. Shi kuwa aka mai da shi rumfar tsince duwatsu daga kwal, cikin mata, yawancinsu waɗanda ramin ya cinye mazajensu.

Shekara tara ya yi a rumfar. In haɗari ya auku a ƙasa akan busa jiniya, amma shi ba ya jin ta. Don haka ya zaɓi tsayawa daura da wata dattijuwa mai ɗa a cikin ramin, yana aiki yana kallon hannuwanta. Muddin suna motsi, lafiya. In suka tsaya, ko da don ta share gumi ne, sai gabansa ya faɗi, ya saki dutsen da ke hannunsa ya juya wajen bakin rami. A yini yakan yi haka sau ashirin. Matan suka saba, har in ɗayarsu za ta huta sai ta fara ɗaga masa hannu, alamar ba komai.