Na aske kaina a banza, ta cinya suka shiga

Salamu alaikum ƴan uwa. Na san kun ji ni shiru, har wasu na ta turo saƙo wai ko tarhil, masu kamen baƙi, sun kwashe ni an mai da ni Kano. Ina nan Makka. Jinya na yi, yau dai na ce bari in faɗa muku.

Abin da ciwon kai ya fara, nan bayan idona na hagu. Na ce zafin wuta ne, tunda kun san waina nake soyawa a unguwar Mansur. Na sha fanadol na sha zamzam. Gwaggo Tabawa maƙwabciyarmu ta kai ni aka min ƙaho a ƙeya. Bai daina ba.

Ranar da na tsorata, ina gaban tanda sai na ga tandar ta zama biyu. Na zuba ƙullu a ƙasa ina zaton rami ne. Ƴata Ruƙayya ta kalle ni ta ƙwalla ihu, "Ummi idonki! Fatar ta faɗo!"

Wallahi ido ɗaya ya rufe, na kasa ɗaga shi.

A asibiti suka sa ni cikin wannan injin hoton mai kama da kabari, ga ƙara. Likita ya zo da hoton, Larabcinsa da sauri yake, Ruƙayya ke fassara min. Ya ce wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwata ta yi ƙululu kamar balan-balan, ita ke danne jijiyar ido. In ta fashe, ko rai ko shanyewa. Sai an yi aiki kuma ba jira.

Ya ce suna da robot da suke bincike a kansa, in na yarda da shi za a yi, in ban yarda ba a yi da hannu, ba dole. Shi likitan zai zauna bayan gilashi yana sarrafa shi. Ya ƙara wani bayani mai tsawo, amma Ruƙayya kuka ya ci ƙarfinta, ba ta fassara wannan ba.

Baban su Ruƙayya ya ce, "Injin ba ya rawar hannu, ki yarda." Na yarda. Inshorar wajen aikinsa ta ɗauki wani ɓangare na kuɗin, sauran ƴan unguwa suka haɗa, Allah Ya biya su.

Kun san abin da ya hana ni cin abinci? Ba mutuwar ba ce kawai. Mahaifiyata a hannuna ta cika a unguwar Nakkasa, ina laƙƙana mata kalmar shahada tana amsawa. To ni fa? Likita na bayan gilashi, ƴaƴana na waje, ƙarfe ne a kaina. Ƙarfe zai ce min ki ce la'ilaha illallahu?

Gwaggo Tabawa ta zo dubiya da reza a jaka. Ta ce, "Maman Ruƙayya, aikin kai dole a aske. Gara ni in miki da bismilla da wani ƙato ya zo ya buɗe miki kai." Ta ja labule ta tsefe min kitso, ta aske tas. Gashin da ko a umara ɗan kan yatsa nake yankewa. Ina kallonsa a cinyata kamar an fara min wankan gawa.

Da suka zo ɗaukata nas ta cire ɗankwalin ta tsaya turus. Ta kira likita. Ya ce, "Ya hajja, wa ya yi wannan?"

Ashe ba a taɓa kan. Ta matsematsin cinya suke huda jijiya, su zura wata siririyar roba ta bi har ƙwaƙwalwa, su cusa zaren ƙarfe ya toshe ƙululun. Bayanin da kuka ya cinye ke nan.

Gwaggo ta ce, "To ai sai ya sha iska." Kowa ya yi dariya, ni na kasa.

Ɗakin tiyatar sanyi kamar firji. Ga hannun injin nan a gefen gado, fari, ba fuska ba ido. Haƙorana na haɗuwa. Mai ba da allurar barci wata ƴar Sudan ce, na cafke rigarta, da ɗan guntun Larabcina na ce mata in abin ya zo wa zai laƙƙana min?

Ba ta ce min "ba komai" ba, ba ta ce ba zan mutu ba. Ta ce, "Ki faɗi shahadar yanzu, ya hajja. Ba zan sa allurar ba sai kin gama. Daga nan ba za ki ƙara magana ba sai kin farka. Kuma ina nan kusa da kanki har a gama."

Muka faɗa tare. Ta dafa min wannan ƙwalƙwal ɗin kan da tafin hannunta. Ɗumin hannun shi ne abu na ƙarshe da na ji.

Na farka ana ce min kar in lanƙwasa ƙafa. Na kira sunan ƴaƴana ɗaya bayan ɗaya don in gwada kaina, ba wanda ya ɓace min. Idon ya daɗe kafin ya buɗe, yanzu alhamdulillahi tanda ɗaya nake gani. Ina shan magani, ina komawa hoto, kuma har yau in kaina ya sara gabana faɗuwa yake.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin, da ku masu addu'a, da Gwaggo duk da ɓarnar da ta min.

Ƴan uwa, ciwon kai da ya zo da rufewar ido ko gani biyu ba na ƙaho ba ne, ku ruga asibiti a ranar. Ku je da mai fassarar da ba zai yi kuka ba. Ku tambaya ta ina za a shiga kafin a fito da reza.

Wanda kuma za a shiga da shi tiyata, kar ka ji kunya, ka ce su dakata ka yi shahadarka. Ni sun jira ni.