Shafin Talata da Aka Yage

Shekarar da na noma tumatir a bakin kanal ɗin Bagauda, akwai wani littafi da ya fi alƙali ƙarfi a wajenmu. Wani dattijo ke riƙe da shi, Baba muke ce masa. Duk wanda zai buɗe ruwa zuwa gonarsa sai ya rubuta sunansa da lokaci. Ba a gogewa. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya, ka sake rubutawa a ƙasa. Na sha tambayarsa dalili, sai ya ce ai kuskuren ma shaida ne. Ni kuwa ina tsokanarsa, wai ko sauro ne ya sha ruwan nan sai Baba ya sa shi ya sa hannu.

Wata Talata ya tafi suna Tudun Wada, ya bar littafin a rumfa. Kafin ya dawo wani ya karkatar da ruwan masu albasa, aka kuma yage shafin ranar. Da yake bakina ya fi gonata girma, kowa ya ce ni ne. Hukuncin laifin kuwa sati biyu ne ba ruwa, ga tumatirina ya fara fure. Ko kwana biyar ba zai kai ba.

Na yi ta rantsuwa har maƙogwarona ya bushe, Baba bai ko kalle ni ba. Fensir ya nema, ya kwantar da bakin fensirin, ya dinga goga shi a hankali kan shafin da ke biye, wanda ba a rubuta komai ba. Na leƙa ta kafaɗarsa. Tsoron ma ya tafi, so nake kawai in ga me tsohon nan ke nema a farar takarda.

Sai ga haruffa suna fitowa fari-fari cikin baƙin. Sunan taubashina ne, mutumin da ke danna biro kamar yana huɗa da garma. Har lokacin ya sa, sha ɗaya da rabi.

Na ce, "Ɗan kawu, wane irin ɓarawo ne ke sa hannu kafin ya yi sata?"

Ya sosa ƙeya, ya ce wallahi hannunsa ne ya saba, sai da ruwa ya ci rabin gona ya tuna cewa ya rubuta sunansa, shi ne ya koma ya yage shafin.

Baba ya rubuta cewa an yage shafi, ga wanda ya yage, ya miƙa masa biro ya sa hannu a ƙasa. Sati biyun suka koma kansa.

Ran Laraba na buɗe ruwana, na rubuta sunana, na danna biron har ya kusa huda takardar.