Karatun Baba da Bairas Ya Cinye

Yayana yana da shagon buga takardu a Runjin Sambo. A tsohuwar kwamfutarsa muka zuba karatun mahaifinmu bayan rasuwarsa. Baba ya yi shekara da shekaru yana karantar da fiƙihu a zaurenmu na Ƙofar Taramniya, wani ɗalibinsa yana ɗauka a kaset. Da kasakasan suka fara cin zare, Yaya ya zauna ya juye su ɗaya bayan ɗaya, sannan muka zubar da su. Har tarin Baba ana ji a ciki, da kukan awakin maƙwabta.

Wata rana wani ya kawo filas, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, a buga masa takardar neman aiki, Yaya ya soka shi. Kafin la'asar komai na kwamfutar ya ƙi buɗuwa. Yaya ya kira ni, na same shi zaune ya zuba wa allon ido.

Muka ɗauki kwamfutar a keke zuwa wurin wani mai gyara a Ƙofar Dundaye. Ya duba, ya ce bairas ne, wato cutar kwamfuta, ya shigo ta filas ɗin, kuma kamfanin da ya yi manhajar ya daɗe da daina kula da irin wannan tsohuwar. Ni kuwa tawa kwamfutar ta wurin aiki ta wani kamfani ce daban, ba ta taɓa kamuwa ba. Yaya ya tambaya ko za a iya ɗebo kariyar tawa a sa wa tasa. Mai gyaran ya girgiza kai.

"Malam, kamfanonin ga abokan hamayya na. Kowa gidanai yaka tsaro."

A hanya na yi ta tunanin unguwarmu. Akwai gidaje biyu da ba sa ga maciji, amma ranar da gobara ta kama ɗaya, mutanen ɗayan ne suka fara fitowa da bokitai. Na kasa gane abin da zai hana masu wannan ɗimbin ilimi yin haka, tunda cutar ba ta tambayar wa ya ƙera na'ura.

Inna ce ta fi ba ni tausayi. Ta saba duk Juma'a Yaya ya kawo mata karatu ɗaya a waya ta saurara. Da muka gaya mata, ta ce Allah ya sa ladan ya riga ya isa gare shi. Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Yaya ya sayi wata kwamfutar. Tsohuwar tana ƙarƙashin teburinsa, ya hana a sayar, wai ko wata rana za a sami mai iya buɗewa.