Jumma'ar da Na Kashe Ƙararrawa

Aikina a Tamale gadi ne, sai dai ni allo nake gadi. Mu ke kula da layin intanet na wani kamfanin maganin dabbobi, kuma kowane reshensu ɗigo ne a allon kwamfutata: kore lafiya, ja matsala. Da ɗigo ya yi ja, sai wayata ta ɗau kuwwa kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Ɗigon da na fi tsoro shi ne na siton Gumani. A can firijin allurar rigakafin shanu yake, kuma ta layinmu yake sanar da sanyinsa. In sanyi ya tafi, magani ya tashi aiki.

Duk Jumma'a abokiyar aikina, Kirista ce daga kudu, ita ke riƙe mini allo in je masallaci. A makon nan ta tafi jana'iza garinsu. Ni kuwa wayar ta taɓa kunyata ni a masallacin Aboabo ana cikin ruku'u, har wani dattijo ya wanke ni tas bayan sallama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na kashe ƙararrawar gaba ɗaya, na ce ai awa ɗaya ce.

Aka idar, na ci tuwo, na wuce gida Jisonayili, na manta ban sake kunna ta ba. Asabar shiru, Lahadi shiru. Har ina yabon kaina, wai layi ya zauna daram.

Litinin da safe na buɗe allo. Gumani ja wur, tun la'asar ɗin Jumma'a.

Gabana ya yanke ya faɗi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na haye babur na nufi siton. Duk hanya addu'a ɗaya nake maimaitawa: Allah Ya sa layi ne kawai ya yanke.

Na tarar da tsoho mai gadi a bakin ƙofa.

"Baba, me ya faru?"

"Ɗana, iska ya ka da falwaya ran Jumma'a, wuta ya tafi. Ni ba ni da makulli. An ce mini inji zai kira ku da kansa. Da ban gan ku ba, na ce to, lafiya ke nan."

Mai sito ya iso ya buɗe firiji. Na sa hannu a kan kwalaben. Ɗumi.

A gindin darbejiya makiyaya na zaune, sun yi sammako daga rugage. Babbansu ya gan ni da jakar kwamfuta, ya ɗauka likita ne. Ya taso, ya cire takalmi, ya gaishe ni da ladabi.

"Malam, ciwo ya shigo garken maƙwabtanmu. Yau za a yi wa namu?"

Wayar na cikin aljihuna, shiru, yadda na bar ta. Na kasa ɗaga ido in dube shi.