Shatin Bel a Ƙirji

Goggo mai ɗinki ba ta yarda da kowa ba. Ko gaishe ta ka yi da fara'a, sai ta leƙa bayanka ta ga me ka ɓoye. Mijinta, Baba, tsohon direba ne. Tun da idonsa ya fara hazo ta ƙwace makullin mota ta damƙa wa babban ɗansu, ta ce ita ba ta shirya zaman makoki ba.

Ran nan uba da ɗa suka fita a mota, suka dawo a ƙafa. Wai motar tana wurin bakanike, ɗan gyara ne. Goggo ta ce to. Amma idonta na kan ɗan. Zama yake a hankali kamar ya haɗiye faranti, in ya yi tari sai ya runtse ido.

Ta ɗauko tef. "Zo in gwada ka, riga zan ɗinka maka."

"Umma, ai ina da riguna."

"Cire wannan."

Ya cire. Ga shati nan ja, ya ratsa ƙirjinsa a karkace har ƙugu. Nan bakinsa ya buɗe.

"Akuya ce ta faɗo titi, na kauce, muka daki kwalbati. Bel ɗin kujera ne ya riƙe ni, Umma. Ba don shi ba, da kaina zan fasa gilashi. Likita ya ce ƙashi lafiya lau, ƙirji da ƙugu ne suka raba bugun."

"Kai ka kauce?"

"Ni mana."

Goggo ta shimfiɗa tef a kan shatin, ta bi shi har sama. Ta yi shekaru tana zama a gefen direba, ta san kafaɗar da bel yake cin mutum a wannan kujerar.

"Daga kafaɗar dama ya sauko. Na direba ta hagu yake bi. Yaushe aka mayar da sitiyari gefen fasinja ban sani ba?"

Ɗan ya shiga kallon silin. Baba, da ke kishingiɗe a kujera, ya ƙara muryar rediyo.

"Baban yara, kai ma taso in gwada ka."

Baba ya yunƙura da ƙyar, hannunsa dafe da kafaɗar hagu.

"Wallahi akuyar nan launin titi gare ta," in ji shi.